Yaran shagona sun sa kurman da na ɗauka aiki a gaba, kuma ɗan yayata ne jagoransu. Ya zan yi?

Mai Ɗab'i Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ne ya ishe ni, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina da shagon ɗab'i a nan cikin Katsina, muna buga katin biki, kalanda, jota, bana, fosta da littafin rasit na 'yan kasuwa. Mu tara ne har da ni. Wata bakwai da suka wuce na ɗauki wani yaro kurma, ya yi makarantar kurame ta Malumfashi, kuma ba don tausayi na ɗauke shi ba, aikinsa na gani. Wallahi in ya zauna gaban kwamfuta ya buɗe CorelDRAW, abin da sauran za su yini suna yi shi kafin azahar ya gama, ga tsafta, ga ido wajen haɗa kala. Sannan akwai wata 'yar bautar ƙasa daga jihar Inugu da aka turo mana, ita ke riƙe mana lissafi da buga rubutun Turanci.

To ga abin da ya faru. Wani Alhaji ya kawo aikin katin ɗaurin auren 'yarsa guda 600. An gama dizayin, sai ya bugo waya ya ce an ɗaga ranar da sati ɗaya. Ni ina hanyar Kano sayen takarda, na kira ɗan yayata, tunda shi nake bar wa shago, na ce ya sanar. Ya tsaya tsakiyar shago ya faɗa da baki, kowa ya ji, sai mutum ɗaya da ba ya ji kuma shi ne mai aikin a hannu. Yaron nan ya buga kati 600 da tsohuwar rana, an yanka an ɗaure. Suna kallo. Na dawo Alhaji na ta faɗa, ni kuma raina a ɓace ban bincika ba na ce a cire naira dubu 18 daga albashinsa. Ya tsaya yana ta min nuni da hannu idonsa ya yi ja, na ɗaga masa hannu na shige ofis.

Sai washegari yarinyar nan ta same ni ta ce Oga, ba wanda ya gaya masa, kuma lokacin da injin ke bugawa dariya suke. Daga nan ne ma nake jin sauran, ashe in yana aiki sai su zo ta bayansa su zare filogin kwamfuta, ko su tsaya suna kwaikwayon sautin da yake yi in yana son magana. Ita kanta ba ta tsira ba, ba mai kiran sunanta sai Inyamura, kuma da azumi a sito take ɓuya ta ci abinci a kan rim ɗin takarda saboda habaici.

Na tara su, ɗan yayata ya ce Kawu wasa ne fa. Ɗan yayar tawa da credit ya fito a darasin sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa nagari, a WAEC, ni na biya kuɗin jarabawar. In na kore shi yayata ba za ta sake min magana ba, mijinta ya rasu, da albashin nan suke cefane. In na ƙyale kuma na san na ci amana. Don Allah masu shaguna da ma'aikatu ya kuke haɗa mutane iri-iri su zauna lafiya? Kuma wai me ake koya wa yaran nan a makaranta?

Tsohon Hedimasta Daura:

Wa alaikumus salam. Malam mai ɗab'i, kafin mu je kan yara bari in fara da kai, ka yi haƙuri, shekara 35 na yi ina riƙe alli don haka ban iya kwana-kwana ba. Kuɗin nan da ka cire ka mayar masa gobe da safe, kuma a gaban duk waɗanda aka cire a gabansu, kada ka kira shi lungu ka danƙa masa. Ka rubuta a takarda da manyan baƙi cewa ka bincika ka gano ba laifinsa ba ne, ka ba shi ya karanta su ma su karanta. Ko a dokar ƙwadago ta ƙasar nan, sashe na 5, maigida ba shi da ikon cin ma'aikaci tara daga albashi, in ma asara ya jawo da gangan ko sakaci sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire. Na san ba mai bin wannan a shagunanmu, amma dai ka san da shi.

Sai tambayarka ta biyu. Abin da ake koya musu yana da kyau a takarda. Akwai haƙƙin ɗan ƙasa, akwai rikon amana, akwai zama da wanda ba addininku ɗaya ba, akwai sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 da ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko garinsu ko jinsi ko addini ko yanayin haihuwarsa. Duk suna ciki. Amma yadda ake koyarwa shi ne malami ya cika allo da rubutu yara su kwafa, ranar jarabawa a ce kawo haƙƙoƙi biyar na ɗan ƙasa, yaro ya zazzago su kamar karatun aku ya ci makinsa ya fita. Ba a taɓa zaunar da shi benci ɗaya da makaho an ce ku yi aikin nan tare ba. To ina zai koya?

Mu a zamaninmu ba mu da wani darasi mai wannan suna amma akwai gonar makaranta, kowane aji da kunyarsa, akwai sikawut, akwai monita da ake sauyawa, kuma a makarantar kwana gadonka na kusa da na ɗan Zangon Kataf ko ɗan Birnin Gwari, lokacin duk jihar Kaduna muke tunda sai 1987 aka yanke Katsina. In ka ƙi ɗebo ruwa da shi ku duka za ku kwana da ƙishi. Yanzu yaro zai yi firamare da sakandare da jami'a bai fita ƙaramar hukumarsu ba, duk wanda ya sani irinsa ne.

Shawara ta aiki: sayi farin allo ka kafa a bango. Duk aikin da ya shigo a rubuta sunan mai shi, adadi, rana, duk canji a rubuta da jan maka a sa hannu. Doka ita ce abin da ba a rubuta ba ba a faɗa ba. Za ka ga ba kurman kaɗai zai amfana ba, masu kunnen ma mantuwa suke.

Mu nan Daura tarihin garinmu ma da baƙo ya fara, wanda tsohuwa Ayana ta sauke shi ya je rijiyar Kusugu neman ruwa. Ina yawan tuna wa yara wannan in na ji suna cewa wane ba ɗan gari ba ne.

Gaskiya Ɗaci Gareta:

Ni fa ina ganin ana so a mayar da ƙaramar magana babba. Shago ne fa ba ma'aikatar gwamnati ba. Rabon daidai na guraben aiki tsakanin jihohi da ake ta faɗa, wanda har hukuma aka kafa masa, na aikin gwamnati ne, ba wanda ya ce mai shagon ɗab'i sai ya tara kowace ƙabila. Kuma wace sana'a ce ba a tsokanar sabon yaro? Je ka gareji ka gani, a aike ka sayo abin da babu shi a duniya ka yini kana yawo, haka aka yi mana haka muka koya.

Maganar nan ta tafiya da kowa yanzu ta zama abincin 'yan ƙungiyoyi, a kama ɗakin taro a otal a raba riga da kuɗin mota a ɗauki hoto da guragu biyu a gaba, an gama sai wata shekara. Na halarta ba sau ɗaya ba.

Ka ja wa ɗan yayarka kunne ka bar shi. Naka sai naka. 'Yar bautar ƙasar nan wata nawa ya rage mata ta tattara ta tafi? Kurman ma ranar da wani ya ƙara masa dubu biyar zai bar ka. Amma maraya ɗan 'yar'uwarka ko bayan ranka shi zai tsaya wa 'ya'yanka.

Mai Keke Uku:

Yaya Gaskiya Ɗaci, karin maganar da ka jawo ba ka ƙarasa ta ba, naka sai naka, daɗin zama sai bare. Maganar otal da hoto kuwa ban musa maka ba, ni kaina an sha ɗaukar hoton da ni. Amma tsokanar gareji daban, wanda aka aika sayen abin da babu zai dawo ya gane ya yi dariya, gobe shi ma ya aiki wani. Shi wannan yaron yaushe zai rama? Yaushe kunnensa zai buɗe ya zare wa wani filogi?

Ni shan inna ta same ni ina shekara uku, da hannu nake tuƙa kekena. Ina da difloma a lissafin kuɗi. Bari in ba ku labari ɗaya. An kira mu intabiyu a wata ma'aikata, na isa tun bakwai da rabi na sha wanka da guga, sai aka ce a bene na biyu ake yi. Ba lifta ba gangara, matakala ce kawai. Na ce wa masinja ya gaya musu akwai mutum a ƙasa, ya hau ya sauko ya ce sun ce in hau. Na bar keken a gindin bene na rarrafa, matakala 44 na ƙirga, farar shaddata ta koma kalar ƙasa, na shiga ina haki. Mutum na farko da ya gan ni a bakin ƙofa hannu ya sa a aljihu ya miƙo min naira ɗari biyu. Wallahi ban ji ciwon rarrafen ba kamar ɗari biyun nan. Na ce masa ranka ya daɗe intabiyu na zo. Kunya ta kama shi, amma aikin dai ban samu ba.

Don masu cewa babu doka, akwai. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018, marigayi Buhari ya sa mata hannu a watan Janairun 2019. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga irinmu, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda keke zai iya shiga, kuma wanda ya nuna bambanci in mutum ne tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida, in kamfani ne miliyan ɗaya. A 2020 aka kafa hukumar da za ta kula da ita. Shekara biyar ɗin ta cika ta wuce, ku zagaya da idonku ku ƙirga benayen da aka gyara.

Amma ni ba da doka nake so in kama ka ba Malam mai ɗab'i, don ka riga ka yi abin da manyan ma'aikatu suka kasa, ka ɗauki mutum don aikinsa. Abin da ya rage shi ne ɗauka daban, zama daban. Wata bakwai yana shagonka, kalma nawa ka iya da maganar hannu? Ko sannu da aiki? Ka ce yana maka nuni ka ɗaga masa hannu ka shige ofis, to a wurinsa daidai yake da ka toshe masa baki. Ka ba shi minti goma kullum da safe ya koya muku alama uku uku, na takarda, na kala, na rana, na tsaya, na an canza. Ka sa shi a gaba a matsayin malami. Mutum ba ya raina wanda yake koya a hannunsa, ko ya raina ba kamar da ba.

Kuma a duba suna. In ana ce masa bebe a shagon a daina, yana da sunan da ubansa ya yanka rago ya raɗa masa.

Masu ganin wannan duk koyarwar Turawa ce su koma Suratu Abasa su ga a kan wa ta sauka. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ladani ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin shi a kan Madina in zai yi tafiya. Jagoranci aka ba shi ba kwanon bara ba.

Maman 'Yan Biyu:

Ni ta yarinyar nan zan yi magana don na ga duk an fi karkata ga kurman, alhali ba don ita ba da har yau ba ka san gaskiya ba. Ka lura fa, cikin mutum takwas wadda ake kira Inyamura ita kaɗai ta iya zuwa ta faɗa maka. Ka yi mata godiya kuma ka tabbata ba su huce a kanta ba, don na san halin yaranmu, yanzu za a ce munafuka ce.

Na yi bautar ƙasa a jihar Ondo. Ranar da na sauka a makarantar da aka tura ni, ni kaɗai ce mai hijabi, yara na bi na suna kallo, wani malami kullum sai ya tambaye ni wai ina shanuna. Kuka na yi sati biyu ina cewa Baba ya nema min canji. Wata dattijuwa mai koyar da girki, Kirista ce, ita ta lura ina fita bayan aji da buta, ba ta ce min komai ba, washegari na ga an share ɗan sitonta an shimfiɗa sabuwar tabarma ta ba ni makulli. Da azumi kuwa in ta dafa abu sai ta zuba min a kula ta ce in kin sha ruwa. Shekara 14 ke nan har yau muna waya, da na haifi 'yan biyu har atamfa ta aiko. Duk abin da zan faɗa a kan Yarbawa yanzu sai fuskar matar nan ta faɗo min. To ita wannan in ta koma Inugu aka ce ya Katsina, me za ta ce? Sito da rim ɗin takarda?

Abin da ya sa Gowon ya kafa NYSC a 1973 ke nan bayan yaƙin basasa, don yaro ya je inda ba nasa ba ya ga mutane ne. Sati ukun da suke yi a sansanin hanyar Mani ba shi ne bautar ƙasar ba, fareti ne kawai, ainihin abin a shago irin naka yake faruwa. Kuma mu da muke da 'yan'uwa a Sabo ta Ibadan da Agege da Fatakwal suna neman abinci, bai kamata a koya mana wannan ba. Ana mana kirari da ɗakin kara, to kara ba ga ɗan gari kaɗai ake yi ba.

Shi kuma mai cewa wasa ne. Mun san wasa ai. Bakatsine da Banufe in sun haɗu kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, Bafulatani da Babarbare haka, Bagobiri da Bayarabe haka, amma kowa na da bakin ramawa kuma in an tashi a ci abinci kwano ɗaya. Wanda mutum ɗaya ke dariya ɗayan na haɗiye hawaye sunansa cin zali.

Wani abu kuma tunda kana ɗaukar mata aiki, ban ɗaki fa? Ba wasa nake ba. Na bar aiki a wani wuri saboda ban ɗaki ɗaya ne na maza goma sha, ƙofar ba sakata, sai in yini ban sha ruwa ba don kada in buƙata. Maza ba sa tunanin wannan sam. Haka hutun haihuwa, dokar ƙwadago ta ba mace sati 12 da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, amma a wurare masu zaman kansu da cikinki ya fito sai a fara neman wata.

Ɗan Layi 07:

Salam iyayena ku yi mani haƙuri in sa baki, ni sa'an yaran nan ne shekarata 22 kuma yaron shago ne ni ma, gyaran waya muke. Abin da suka yi ba kyau ban goyi bayansu ba ko kaɗan. Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mi muke gani wurin manya? Oga shina zagin yaro da uwa da uba gaban kwastoma, in an yi asara a cire ma yaro ba tambaya, in an samu riba ba ka ji ba ka gani ba, to yaron da aka taka shi ma wanda ke ƙasa da shi zai nema ya taka, haka abin yake gangarowa. Baba mai ɗab'i da kanka ka ce ba ka bincika ba ka yanke hukunci, to su ma abin da suka san za ka yi ke nan shi ya sa suka yi shiru suna dariya.

Sibik da ake magana wallahi a makarantarmu malamin lissafi ne aka ce ya riƙa shiga, a zango guda bai fi ya zo sau uku ba, sai ya ba monita littafi ya kwafa mana. Ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake ba da haƙuri, ko yadda za ka gaya ma oga ya yi kuskure ba tare da rashin kunya ba, ko yadda za ka raba uwar kuɗi da riba, ko in rai ya ɓaci mi za ka yi kafin ka ɗaga hannu. Ni a wurin wani Ibo mai saida kayan waya na koyi rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, ya ce in ban rubuta ba kada in sake zuwa sari wurinsa. An ce an sa hannu a dokar rage shekarun takara tun 2018, mai shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, to madalla, amma wanda bai iya riƙe shagon mutum tara na yini guda ba tare da an zalunci wani ba ya za a yi ya riƙe mazaɓa.

Ni shawarata kada a kore shi, in an kore shi majalisa zai koma ko abin da ya fi haka kun dai san halin da ake ciki. A sauke shi daga riƙon shago, kuma dubu 18 ɗin nan shi ya biya a hankali tunda shi aka ba saƙo. In ya ji a aljihu zai gane.

Gaskiya Ɗaci Gareta:

Mai Keke Uku labarin benen nan ya taɓa ni, Allah ya saka maka. Na janye maganar gareji. Amma ina nan kan bakana a kan kora, kuma Ɗan Layi ma ya faɗa.

Tsohon Hedimasta Daura:

Ɗan Layi Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da mu manya ba mu son ji. Sai dai wurin biyan kuɗin a yi hankali, kada a gyara kuskure da irinsa. Kada Kawu ya cire da ƙarfi. Ya zaunar da shi ya ce ga asarar da aka yi, ga wanda aka zalunta, kai me ka gani? In yaron kirki ne da bakinsa zai ce zai biya. In ya ƙi to ka san da wa kake zaune. Kuma a je a gaya wa mahaifiyarsa kafin shi ya riga ka kai mata nasa labarin.

Mai Ɗab'i Ƙofar Ƙaura:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana biyar ne don ina so in dawo da abin da aka yi ba abin da za a yi ba.

Baba Hedimasta na bi maganarku. Ranar Asabar da safe na tara kowa na mayar masa da kuɗinsa da takarda. Ya karanta ya sake karantawa, sai ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, kuɗin kuma ya bar su a kan tebur sun fi minti biyar bai taɓa ba. Ni dai na kasa haɗa ido da shi. Ɗan Layi maganarka ta yi min zafi amma gaskiya ce, ni na koya musu.

Na je wurin Yaya da daddare. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta yi shiru ta ce ashe abin da yake yi ke nan, ta ce ka manta Baffanmu na ƙauye da ya makance mu muke masa jagora zuwa masallaci? Ta kira shi ta wanke shi tas a gabana har sai da na ba da haƙuri. Amma da na ce zan karɓi makullin shago daga hannunsa nan fuskarta ta canza, ta ce wa za ka ba, bare? Har yanzu ba mu gama wannan ba, jiya na gaishe ta ta amsa a taƙaice.

Makullin dai na karɓa, yana hannun wani dattijo mai yanka takarda da ya fi kowa daɗewa. Yaron ya ce zai biya dubu tara, wai rabi, don a cewarsa ba shi kaɗai ya yi dariya ba. Na ce to sauran ku haɗa. Biyu sun kawo, ɗaya ya ce shi bai ga komai ba ya daina zuwa tun Litinin.

Allo na kafa, dubu bakwai da maka. Maganar hannu mun fara, Mai Keke Uku, amma ni ne daƙiƙin ajin, na yi alamar an canza sai ya fashe da dariya ya rubuta min cewa abin da na yi yana nufin wani abu daban da ba zan faɗa a nan ba. Ɗan yayata yana tsayawa a baya hannu a aljihu bai yi ko ɗaya ba tukuna, ban matsa masa ba.

Maman 'Yan Biyu sakata na sa, kunya ta ishe ni da na duba. Yarinyar kuma na ce ta riƙa cin abincinta a ofishina. Ta ce ta gode amma saura wata biyu ta gama, ta tambaya ko zan rubuta mata takardar shaidar aiki. Ban taɓa rubuta irinta ba, in akwai mai samfuri don Allah ya turo min.